Shekara ta ƙare ban cika ko rabin burina ba, in sake rubuta wani?

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 16, ina ajin ƙarshe na sakandare. A Disamban bara na jera buri goma sha biyu da nake son cikawa a bana. A ciki akwai karanta littattafai 30, da tashi ƙarfe huɗu na asuba don yin bita, da rage riƙe waya, da koyon Faransanci, da shiga sahun ukun farko a ajinmu, da daina yi wa Umma musu. Jiya na ɗauko takardar na duba, wallahi sai da na yi kuka. Littafi uku kawai na karanta, na huɗun tun watan Yuni yake ƙarƙashin matashina. Tashin asuba kuwa sati biyu na yi na watsar. Abin da ya canza kawai shi ne lissafi, da faɗuwa nake yi, yanzu ina ci, shi ma ba wani cin a-zo-a-gani ba.

Ba uzuri nake kawowa ba, amma tun watan Afrilu Umma ta koma aiki, ni ke ɗauko ƙannena biyu daga makaranta in kula da su har ta dawo. Aminiyata kuwa ta saka hoton littattafai 40 da ta karanta a bana, kowa yana ta yaba mata. Na taya ta murna a baki amma raina ya ɓaci, har na fara ƙaurace mata. Umma kuma ta ce in ajiye littattafan labari gaba ɗaya sai na gama jarrabawar fita, wai ɓata lokaci ne. Anti, ina jin ni dai malalaciya ce, ba ni da wani amfani. In sake rubuta buri na sabuwar shekara, ko in haƙura tunda na san halina? In kuma zan yi karatu, me zan karanta, kuma yaya zan yi da Umma?

'Yarki mai shekara 16

Wa'alaikumus salam 'yata, sannu da ƙoƙari.

Duk cikin wasiƙarki babu inda na fi tsayawa kamar wurin da kika ce ba uzuri kike kawowa ba. Abu mafi girma da ya same ki a bana kika faɗa cikin layi biyu, kika wuce da sauri kamar mai jin kunya. Daga Afrilu zuwa yau wata tara ke nan kina ɗauko yara biyu daga makaranta, kina tare da su har mahaifiyarku ta dawo. A ce awa uku kawai abin yake ci a rana, to a kwana biyar na makaranta awa 15 ke nan duk mako. Akwai manya da albashi ake biyansu a kan irin wannan aikin, su kuwa ba su da jarrabawar fita a gabansu. Malalaciya ba ta yin haka. Yarinyar da ta zauna a Disamban bara ta jera buri goma sha biyu ba ta san Afrilu na tafe da wannan nauyin ba, don haka babu adalci ki ɗauki takardar da ta rubuta ki yanke wa kanki hukunci da ita kamar babu abin da ya gitta.

Shi ya sa kafin mu taɓa sabuwar shekara nake so ki sake waiwayar wadda ke ƙarewa ta wata hanyar. Rufe wancan shafin, buɗe sabo, ki rubuta sunayen watanni goma sha biyu. Ɗauki wayarki ki bi hotuna da saƙonni wata bayan wata, domin ƙwaƙwalwa ta fi riƙe abin da ya yi ciwo da abin da ya faru kwanan nan, sauran sai an tuna mata. A ƙarƙashin kowane wata ki rubuta abin da ya faru, mai daɗi da marar daɗi, da abin da kika iya yanzu wanda a Janairu ba ki iya ba. Za ki tarar da abubuwan da ko ɗaya ba ya cikin jerinki: lallashin yaro mai rigima, raba faɗan 'yan'uwa, yin aikin makaranta cikin hayaniya. Sai ki tsaya sosai a kan darasin lissafi. Kin ce ba cin a-zo-a-gani ba ne, ni kuwa a ganina shi ne labari mafi amfani a shekarar nan taki, domin akwai abin da kika yi ya yi aiki. Malami kika riƙa bi da tambaya? Tsofaffin tambayoyin jarrabawa kika yi ta warwarewa? Da wata kuke zama ku yi tare, ko wurin zama kika canza a aji? Gano shi ki rubuta. Ya fi duk shawarar da zan ba ki, saboda an riga an gwada shi a kanki, a cikin gidanku, ƙannenki na ta kai-komo, kuma ya ci.

Yanzu ga wadda ba ta da daɗin ji. Ko da Umma ba ta koma aiki ba, wancan jerin ba zai cika ba. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle goma sha biyu. Kuma ba ke kaɗai ke da wannan halin ba. A 1994 wasu masu bincike a Kanada sun tambayi ɗaliban jami'a kwana nawa suke ganin za su ɗauka kafin su gama kundin kammala karatunsu. Matsakaicin abin da suka faɗa kusan kwana 34 ne, amma da aka bi sawunsu sai da ya haura kwana 55. Idan mutum yana tsara gobe, kansa yake hangowa a ranar da ya fi kowace ƙarfi, babu ciwon kai, babu gajiya, babu wanda zai kira sunansa ya aike shi. Irin wannan ranar kuwa ba ta da yawa a shekara.

Shi kuwa tashin ƙarfe huɗu, ban ji haushi ba da kika watsar. Likitocin da suka ƙware a harkar barci sun ce mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10 a kowace rana. Wadda za ta tashi ƙarfe huɗu kuma ta samu awa takwas, sai ta kwanta ƙarfe takwas na dare, ni da ke kuwa mun san ba lokacin kike kwanciya ba. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke ƙara kafa abin da aka koya da rana, saboda haka wanda ya datse barcinsa ya ba wa bita ribarsa kaɗan ce, wani lokacin ma asara yake yi. Inda nake ganin akwai naki laifin shi ne waya. Kin ambace ta a jeri kika yi shiru, kuma na fahimci shirun. Shiga saitinta ki duba inda take nuna awannin da kika yi a kanta a makon jiya. Kada ki tsani kanki a kan adadin, ki dai san cewa a nan lokacin littafinki yake ɓoye.

To, ki sake rubuta buri ko ki haƙura? Ki rubuta. Amma uku kawai, kuma kada ki rubuta na shekara guda. Shekara mai zuwa gida biyu za ta rabu a wurinki, kafin jarrabawa da bayanta, kuma ba ki san yadda rabin na biyu zai kasance ba. Tsara daga Janairu zuwa ƙarshen Maris, in lokacin ya yi ki zauna ki duba ki gyara. Faransanci ba gudu zai yi ba, ajiye shi sai kin gama jarrabawa, lokacin da za ki rasa yadda za ki yi da yininki. Shiga sahun ukun farko kuma ki cire shi gaba ɗaya, don ba a hannunki kaɗai yake ba, ya danganta da abin da sauran 'yan ajin suka yi. Naki shi ne zaman da za ki yi da littafi yau.

Yadda ake rubuta burin ma yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Bajamushe mai suna Peter Gollwitzer, ya daɗe yana nazarin wannan. A wani gwaji da aka wallafa a 1997 an nemi ɗalibai su rubuta gajeren rahoto a lokacin hutun ƙarshen shekara. Wasu an sa su faɗi tun kafin su tafi wane lokaci kuma a ina za su zauna su rubuta, sauran aka bar su da niyya kawai. Kusan uku cikin huɗu na rukunin farko sun rubuta a kan lokaci, na biyun kuwa kimanin ɗaya cikin uku. Don haka "zan rage waya" ba zai kai ki ko'ina ba, tunda bai gaya miki abin da za ki yi daren Talata ba. Rubuta haka: idan ƙarfe tara na dare ta yi, zan sa wayata caji a waje in shiga ɗaki ba tare da ita ba. Da zarar yara sun zauna aikinsu na makaranta, ni ma zan zauna kusa da su in warware tambayoyin lissafi biyar. Idan na kwanta, zan karanta shafi goma kafin in kashe fitila. Kin ga ukun nan suna taimakon juna, wayar da ta fita daga ɗaki ita ce ta buɗe wa littafi wuri, kuma babu wanda ya bukaci ƙannenki su ɓace kafin ya yiwu.

Za ki fasa wata rana, wannan babu shakka. A wani nazari da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan, aka wallafa a 2009, mutum 96 kowannensu ya ɗauki sabuwar ɗabi'a guda ɗaya yana yi kullum. Akwai wanda cikin kwana 18 abin ya zame masa jiki, akwai wanda aka ƙiyasta sai ya kai kwana 254, tsaka-tsakin kuwa kwana 66 ne. Sati biyu bai isa a auna kowa ba. Sun kuma lura cewa fashin rana ɗaya bai ɓata wa mutane tafiyar ba. Abin da ke kashe buri shi ne maganar da ake gaya wa kai washegari, wato tunda na ɓata shi ke nan, ai na san halina. Doka ɗaya nake so ki kafa wa kanki: in kin fasa yau, gobe ki yi ko da rabi ne.

Mu zo kan Umma, don ita ma tana da hakkin a dubi nata ɓangaren. Mace ce da ta koma aiki, ta san ta ɗora miki nauyi, kuma ina kyautata zaton abin yana damunta ko ba ta faɗa ba. Tsoronta kada ki faɗi jarrabawa ya zama da hannunta a ciki. Ba ta ga hanyar rage miki renon yara ba, sai ta rage abin da take ganin zai ragu, wato littafin labari. A ganina ta yi kuskure, amma kuskuren mai ƙaunarki ne. A 2013 Alice Sullivan da Matt Brown sun duba bayanan kimanin mutum 6,000 da aka haifa a Birtaniya a 1970, suka ga cewa waɗanda suke karatu don nishaɗi sun fi ci gaba tsakanin shekara 10 da 16 a yawan kalmomi, da rubutu daidai, har da lissafi, ko da an yi la'akari da zurfin ilimin iyayensu. Na gaya miki wannan ne don hankalinki ya kwanta. Kada ki kai mata shi a matsayin makamin musu, uwa ba ta sauka daga ra'ayinta don an kawo mata sunan masani.

Abin da zai yi aiki shi ne ki zaɓi lokaci, ba sa'ad da ta shigo a gajiye ba, ranar da take hutawa. Fara nuna mata tsarin bitarki a rubuce, ta ga kin ɗauki jarrabawar da muhimmanci kamar yadda ta ɗauka. Sannan ki roƙi minti ashirin kafin barci, bayan kin gama bita, ki ce a madadin waya za ki yi shi, in tana so ma ki riƙa miƙa mata wayar a hannu da ƙarfe tara. Da wuya uwa ta ƙi wannan cinikin. Ki ƙara da cewa a gwada har zuwa gwajin makaranta na gaba, in makinki ya ragu ke da kanki za ki ajiye littafin. Idan duk da haka ta ce a'a, ki yi mata biyayya, kada ki koma karatu a ɓoye, watanni kaɗan ne kuma amanarta ta fi su tsada. Kina da mafita biyu da ba za ta hana ba: littattafan adabin da aka sa muku a jarrabawa, ki karanta su a matsayin labari kafin ki karanta su a matsayin darasi, da kuma karanta wa ƙannenki labari da babbar murya, wanda zai zaunar miki da su wuri ɗaya. A wannan zaman ki tayar da maganar renon ma, cikin ladabi. Tambaye ta ko akwai wanda zai karɓe ki yamma biyu a mako idan jarrabawa ta matso. Ba ki nema ba, wataƙila shi ya sa take zaton abin bai yi miki yawa ba. Shi kuwa burin daina musu, mayar da shi jimla ɗaya da za ki riƙa faɗa idan kin ji ranki ya fara ɓaci: to Umma, na ji, ki bari mu ƙarasa maganar anjima.

Aminiyarki ba ta yi miki laifin komai ba, ke ma kin san haka, shi ya sa abin yake cin ki. Jin zafi idan wani ya samu abin da kake so hali ne na ɗan Adam, abin gudu shi ne a bar shi ya raba zumunci. Hoto ya nuna miki littattafai 40, bai nuna miki awa nawa take da su da yamma ba. Je ki same ta ki ce a cikin arba'in ɗin nan wanne ne ya hana ta barci, ta ara miki. Wadda ta karanta littafi 40 ba abin da take so kamar a yi mata wannan tambayar.

Littafin da ke ƙarƙashin matashinki tun Yuni, mayar da shi inda kika samo. Ba dole ba ne a gama kowane littafi, kuma shi ne ya tare ƙofa ya hana na biyar shigowa. Ba wa littafi shafi hamsin, in bai kama ki ba ki wuce. Kuma ki daina ƙirga littattafai, shafi goma a rana ko da kwana biyar kawai kike yi a mako ya kai shafi 2,600 a shekara, wato littafi 13 masu shafi 200.

Tunda a gajiye kike kaiwa dare, fara da masu gajerun labarai. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a kundi uku tsakanin 1937 da 1939, an gina shi ne a kan aku mai ba da labari ɗaya bayan ɗaya, kowanne za ki gama shi a zama guda, kuma shi ne zan zaɓa a karanta wa ƙanne. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa siriri ne amma yana da nauyi, labarin yaro ne da aka raba da mahaifiyarsa a zamanin cinikin bayi, ita kuma ta bazama nemansa. Cikin na Turanci akwai The Stillborn na Zaynab Alkali, na 1984, a kan yarinya mai mafarkin fita daga ƙuncin gidansu da yadda rayuwa ta juya mafarkin. Ina ganin za ki ga kanki a wasu shafukan.

Biyu kuma labarin gaske ne na sa'o'inki. William Kamkwamba ɗan ƙasar Malawi ne da ya bar makaranta a lokacin yunwa saboda iyayensa sun kasa biyan kuɗin karatu. Yana da shekara 14 ya ga hoton injin iska a wani littafi da ya ara daga ƙaramin ɗakin karatu, ya tattara tarkacen ƙarafa da sassan keke ya haɗa wanda ya ba gidansu lantarki. Labarinsa yana cikin The Boy Who Harnessed the Wind, na 2009, kuma akwai bugun da aka sauƙaƙa don matasa. Ɗayan shi ne The Diary of a Young Girl na Anne Frank, Bayahudiyar da aka ba littafin rubutu ranar da ta cika shekara 13 a 1942, ta yi shekara biyu tana rubutu a maɓoyarsu a Amstadam a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ta rasu a sansanin 'yan Nazi a 1945, mahaifinta ya buga rubutun a 1947. Za ki yi mamakin yawan shafukan da ta ɓata tana ƙorafi a kan mahaifiyarta da kuma kan halinta ita kanta. Wannan ki bar shi sai bayan jarrabawa, yana taɓa zuciya. Bayan waɗannan ki bar gurbi ɗaya wa abin da ranki yake so, ko a kan taurari ne ko tarihin wata ƙasa ko labarin bincike, ba tare da kin nemi yardar kowa cewa littafi ne mai daraja ba.

Saura kalmar da kika rubuta cewa ba ki da wani amfani. Idan baƙin cikin daren jiya ne ya faɗe ta, zai wuce. Amma in kin ga wannan tunanin ya zauna miki fiye da sati biyu, barci ko cin abincinki ya canza, abin da kike jin daɗinsa a da ya daina yi miki daɗi, ko tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, kada ki riƙe shi ke kaɗai. Gaya wa Umma, ko malamar da kika amince da ita, a kai ki ki ga likita. Ana samun sauƙinsa, kuma babu abin kunya a ciki.

Kafin a rufe makaranta ki leƙa ɗakin karatunku ki ga wanne za ki samu cikin waɗanda na ambata, ki fara da wanda ya zo hannu. Ki rubuto mini a ƙarshen Maris in ji yadda zamanku da Umma ya kaya. Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa, ki gaishe ta da ƙannenki.